Abin da Ya Ci Sarƙar Yaya Lawal

Tun da na dawo daga Gana ban huta da bakin mutane ba. Ranar kasuwar Dutsin-Ma, da na shimfiɗa fartanyu da lauje, kafin in sayar da ko ɗaya sai wani ya tsuguna ya ce, "Iro, wai da gaske teku ba ta da ƙarshe?" In na koma gida Kurfi haka. Na ba da labarin nan har ya gundure ni, kuma kowa gutsure yake ɗauka ya tafi ya ƙara nasa gishirin. Shi ne Malam Bawa tela ya ce tunda na yi ajin yaƙi da jahilci, in zauna in rubuta in huta. To ga shi. Amma ku sani tun yanzu, ni ba kallon teku ya kai ni ba, wana na je nema.

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni. Mu biyu ne maza wurin Baba, Yaya Lawal da ni, kuma ba na jin kunyar faɗi, Lawal ya fi ni hannu nesa ba kusa ba. In ya haɗa ƙarfe biyu a wuta sai ka yi ta juyawa kana neman inda ya haɗa. Baba ko yana cikin ɗaki yana rarrabe bugunmu. Ya ce nawa na mai jin haushin ƙarfe ne, na Lawal kuwa manya biyu ne, sannan ƙarami ɗaya a kan uwar maƙera.

Akwai wani abu da Baba ya koya mana tun muna hura zugazugai. Ƙugiyar kakanmu ta taɓa faɗawa rijiyar gidanmu ta nutse cikin laka. Sai bayan shekaru, da aka zo yasa, aka ciro ta garau, ba tsatsa, alhali fartanyar da aka manta bisa rufin soro damina ɗaya ta gama da ita. Daga nan gidanmu suka riƙe cewa ƙarfe in yana cikin laka, inda iska ba ta taɓa shi, barci yake yi. Har yau in muka samu ƙarfe mai kyau da ba za mu taɓa da wuri ba, cikin lakar kududdufin bayan gida muke turbuɗe shi.

Lawal ya bi fataken goro ya tafi Gana tun kafin su samu mulkin kansu, ya zauna a Sekondi bakin teku yana yi wa masunta ƙira. Muna jin labarinsa mai daɗi, har shekarar da Alhaji Maiwada, wani falke ɗan Dutsin-Ma mai zuwa can, ya zo har zaurenmu ya ce wa Baba abin da ya gani. Sarƙar da Lawal ya ƙera wa wani mai jirgin kamun kifi ta tsinke ranar da aka yi iska, jirgin ya bugi duwatsu ya tarwatse, ɗan mai jirgin da ke ciki ya rasu. Tun ranar Lawal ya kashe wutar maƙerarsa. Ya ce an yi masa sammu, hannunsa ya lalace, kuma ba zai kawo lalataccen hannu kan uwar maƙerar ubansa ba. Dakon goro yake yi a zango, unguwar Hausawan can.

A lokacin yanar ido ta hana Baba gani, ƙarfinsa kuma ya fara tafiya. Ya bari sai da aka cire amfanin gona. Ya kira ni, ya laluba ƙarƙashin buzunsa ya ciro ƙaramar masabarsa, wadda ƙotarta ta yi sulɓi don shan hannu.

"Ka kai mashi," ya ce. "In ya amsa, to zai dawo ya zauna wurina. In bai amsa ba, ka maido mani abina, in san ɗa guda gare ni a maƙera."

Na bi Alhaji Maiwada. Babbar mota ta kwashe mu daga Dutsin-Ma zuwa Funtuwa, muna zaune bisa buhunan gyaɗa, a can muka shiga jirgin ƙasa. Ni dai ban ga komai a hanya ba sai ƙarfe. Ana ta nuna mani gari da daji ta taga, ni kuwa ina leƙen ƙusoshin benci ina tunanin wace irin wuta ta narka wannan dogo haka. Alhaji ya ce, "Kai Iro, in aka kai ka Aljanna ma ƙyauren za ka tsaya dubawa." A gadar Jabba kowa ya yi tsit ana salati saboda ruwan Kwara, ni ma na yi, amma rabin salatina don gadar ne.

A Ikko, wato Legas, muka sauka Agege, gidan wani fatoma Bakano mai saukar da fataken goro. Ɗaki guda, mu da yawa, zufa ko da asuba. Nan na fara gane ashe iska ma iri-iri ce. Wuƙar da na fito da ita daga gida fes, kafin mu bar Ikko ta yi ja-ja a cikin kubenta, ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Na nuna wa Alhaji, ya ce wannan wasa ne, in bari mu isa bakin ruwa sosai.

Iyakar Dahomi ce ta so ta ɓata mani tafiya. Wani jandarma ya zazzage jakata, ya ɗaga masabar Baba yana ta Faransanci, yana nuna kansa wai makami ce. Ya jefa ta cikin wani kwando inda ake tara wuƙaƙen mutane. Na ce in na isa Sekondi ba masabar nan, da wane baki zan yi wa Lawal magana? Alhaji yana roƙo, mutumin ko kallonsa bai yi ba. Can na hango kekensa a jingine, feda ɗaya ta lanƙwashe. Na nuna keken, na nuna kwandon, na nuna kaina. Sai ya ciro masabar ya miƙo mani. Na ɗora fedar bisa dutse na miƙar da ita, ya hau ya zaga ya dawo yana dariya, ya mai da masabar cikin jakata da hannunsa. Sai dai kafin mu wuce sai da na gyara ƙafar teburinsu da hannun wata tukunya, motarmu kuwa ta gaji da jira ta tafi, muka bi ta baya.

A Lome na fara ganin teku da idona. Ba zan iya kwatanta maku ba, ku dai ɗauka ruwa ne ya tashi tsaye yana tahowa yana komawa yana ruri, ba ya gajiya. La'asar ta yi, na ce bari in yi alwala tunda ga ruwa har ya yi yawa. Na cire takalma na ajiye gefe, na ɗebo na kurkure baki. Kai! Gishiri har ƙwaƙwalwa. Ina cikin tofarwa igiyar ruwa ta zo ta jiƙa ni har ƙugu, ta koma da takalmina ɗaya. Matan da ke shanya kifi suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Da takalmi ɗaya na shiga ƙasar Gana.

Abinci kuwa, su dokunu suke ci, tuwon masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da niƙaƙƙen barkono ɗanye. Loma ta farko na ce wa Alhaji an sayar mana da wanda ya kwana ya lalace. Ya ce haka ake son sa. Kafin in baro ƙasar ni ke neman inda ya fi tsami. Wani abin da ya ba ni mamaki, ciniki duk a hannun mata yake. Miji ya kamo kifi, matarsa ta saya a wurinsa, har su yi ja-in-ja kan farashi kamar ba su taɓa ganin juna ba. Sannan a wajen Fanti, mutanen Sekondi, gado ta wajen uwa yake bi, mutum ya mutu ɗan 'yar'uwarsa ya gaje shi. Na daɗe ina juya wannan a raina, ni da na ratso ƙasashe da masabar uba a jaka.

Mun isa zangon Sekondi da hantsi. Na hango wani dogo ya sunkuya ƙarƙashin huhun goro, wuyansa duk jijiya. Da ba don tafiyarsa ba da ban gane shi ba. Na ce, "Yaya." Ya sauke kayan a hankali, ya dube ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Baba ya rasu?" Na ce yana nan da ransa. Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

A ɗakinsa na ciro masabar na miƙa masa. Ya mai da hannuwansa baya kamar na miƙo masa garwashi.

"Mai da ita jaka, Iro. Ba ka san abin da ya faru ba."

Ya jawo wani tsumma daga ƙarƙashin gado ya kwance. Zoben sarƙa ne, kaurinsa ya kai babban yatsa, ya tsinke a gefe ɗaya. Ban taɓa ganin ƙarfe ya mutu irin wannan mutuwar ba. Ba ja ba ne irin tsatsar da muka sani. Baƙi ne ƙirin, da ramuka masu zurfi kamar an sa cokali an kwakwule, wajen da ya tsinke ya sirance ya koma kamar tsinke. Ya kankare ɓawon da farce ya kai mani hanci. Warin baragurbi.

"Ka taɓa jin ƙarfe yana wari?" ya ce. "Ni na ƙera ta. Rabinta na sama, wanda ke shan iska da gishiri, shi nike tsoro, kullum ina dubawa ina shafa mai. Na ƙasa kuwa, mai riƙe da anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, na ce wa masu jirgin su bar shi ya nutse cikin baƙar lakar bakin gaɓa. Da can sukan ciro su shanya su shafa kwalta, ni na ce wahalar banza ce, ƙarfe cikin laka barci yake. Kuma nan ɗin ya tsinke, inda ba abin da ya isa ya taɓa shi. In ba hannun mutum ba, mi ne ne wannan?"

Gaskiya ni ma a raina na ce sammu ne. Ya ce ya sha rubutu, ya yi wanka da saiwoyi iri-iri, amma ko ƙarar guduma ya ji daga nesa sai hannunsa ya ɗauki rawa.

Alhaji Maiwada ya wuce Kumasi sayen goro, ni na zauna, don na kasa komawa kuma na kasa ciyar da maganar gaba. Na riƙa yawo bakin ruwa da zoben nan a aljihu. Wata rana ina zaune wurin mai dokunu na ciro shi ina juyawa, sai wani mutum mai gajeren wando da doguwar safa da ke gefena ya shaƙi iska ya juyo.

"Kai, aboki, ina ka samu wannan? Kawo shi nan."

Hausa ce, amma irin ta bariki, wadda mace ma "shi" ce. Sunansa Mista Amisa, Bafante ne, ya koyi Hausa a soja lokacin yaƙi, inda ya yi aiki ɗakin gwaje-gwajen likita. Yanzu aikinsa duba ƙarafan da ke tsaye cikin ruwa a tashar jiragen ruwa, ya ga wanne ya ci, wanne zai kai baɗi. Ya sinsina zoben ya gyaɗa kai kamar ya gamu da wani tsohon abokin faɗa. Na ba shi labari duka, har da maganar sammu. Bai yi dariya ba. Ya ce in kawo wana wurin aikinsa.

Da ƙyar na ja Lawal. Ɗan ɗaki ne cike da kwalabe da guntayen ƙarfe, kowanne da irin ciwonsa. Mista Amisa ya ɗauko wani guntun bututu ya ajiye kusa da zoben Lawal. Baƙi iri ɗaya, ramuka iri ɗaya, wari iri ɗaya.

"Wannan daga Ingila ya zo," ya ce. "Shi ma wani ya yi masa sammu?"

Lawal ya ce masu sammu ba su da iyaka. Mista Amisa ya ce to, ya ɗiga ruwan baƙar laka a kan gilashi ya sa ƙarƙashin madubin nan na likita mai girmama abu, ya ce mu leƙa. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Da farko hazo kawai na gani, can sai ga wasu 'yan abubuwa lanƙwasassu suna wutsil-wutsil, ba su ƙirguwa. Na ɗago na dubi gilashin, ɗigon ruwa ne kawai. Na ce, "La'ilaha illallahu."

Ya yi mana bayani da Hausarsa mai karyayyen ƙugu, ni kuma ga yadda na fahimta. Waɗannan ƙananan halittu ne masu rai, dangin waɗanda ke sa ciwo a jikin mutum, amma su nasu gidan laka ce. Ba sa son iska ko kaɗan, inda iska ba ta kaiwa nan suke yaɗuwa. Abincinsu ruɓaɓɓen abu, irin kayan cikin kifin da ake zubarwa a gaɓar nan kullum. Sannan cikin ruwan teku akwai wani gishiri mai haɗe da farar wuta, da shi suke numfashi kamar yadda muke yi da iska. Abin da suke fitarwa shi ne warin baragurbin nan, kuma shi ne in ya taɓa ƙarfe yake mai da shi baƙi ya ci shi. Sukan yi yauƙi su lulluɓe ƙarfen su zauna ƙarƙashi suna haƙa rami, daga waje ka ga kamar lafiya lau.

Na ce, "To ƙugiyar kakanmu fa?" Na ba shi labarin rijiya. Ya tambaya ko ruwan rijiyarmu na da gishiri, na ce garɗi gare shi. Ya tambaya ko muna zuba kayan cikin kifi a ciki, na ce Allah ya kiyaye. Ya ce to tsohonmu bai yi ƙarya ba, a lakar Kurfi ƙarfe na iya barci, don abin da zai tashe shi ba ya samun abinci a can.

Lawal dai bai gamsu ba. Ya ce madubin Bature na iya nuna wa mutum abin da ya ga dama. Mista Amisa ya ce, "Kai maƙeri ne, ka yarda da wuta?" Ya ce mu je mu ɗebo lakar da hannunmu daga inda jirgin yake ɗaure da, mu raba biyu. Rabi mu dafa shi ya tafasa sosai, rabi mu bar shi ɗanye. Kowanne mu cika kwalba da shi har baki, mu sa sabuwar ƙusa da aka goge, mu toshe mu liƙe da kaki. Ya ce in sammu ne, tafasa ba za ta hana shi aiki ba, tunda laka ɗaya ce daga wuri ɗaya. In kuwa abu mai rai ne, wuta za ta kashe shi.

Muka je da ruwa ya janye, don tekun nan kullum sai ta ja da baya ta bar gaɓa tsirara sannan ta dawo. Muka nutsa har gwiwa. Sama-sama lakar toka-toka ce, da ka zurma hannu sai baƙa mai wari. Ni na yi dahuwar a murhun matar mai gidan da Lawal ke zaune, wadda ta tsaya tana kallona ina dafa laka, ta kira maƙwabta su zo su ga abin da Hausawan Najeriya ke ci. Lawal bai matso kusa da wutar ba, amma shi ya liƙe kwalaben, ya ɗaura wa dafaffiyar zare, ya tura su ƙarƙashin gadonsa.

Muka jira makonni. Na kama dakon goro tare da shi don in ci abinci. Ba ma maganar kwalaben, amma nakan gan shi da safe ya durƙusa wai yana neman takalmi. A kwanakin nan ne Mista Amisa ya zaga da ni ya nuna mani yadda suke yaƙi da abin, kwalta mai kauri, da ciro ƙarfe a kankare a shanya a rana, da wasu dunƙulen tutiya da ake ɗaura wa jikin jirgi don ci ya tafi kansu ya bar ƙarfen. Na yi ta tunani, shekara nawa muna dukan ƙarfe muna ganin ba abin da ya fi shi ƙarfi sai wuta, ashe akwai abin da ido ba ya gani da ke cinye shi a kwance.

Ranar da muka buɗe, Mista Amisa ya zo zango da kansa. Tun kafin a fasa kakin an ga bambanci, kwalba ɗaya ta yi baƙi ƙirin har jikin gilashin. Lawal ya fara buɗe mai zare. Ƙusar ta fito ta ɗan dushe kawai, ya goga a riga ta yi haske. Ya buɗe ɗayar, wari ya cika ɗakin. Ƙusar ta yi baƙi, da ya murza ta baƙin ya zauna masa a yatsa, jikinta ya yi kaushi.

Ni murna ta kama ni. Na ce, "Yaya, ka gani! Ba sammu ba ne, hannunka lafiya lau yake!" Na jawo jaka zan ciro masaba.

Bai ɗago ba. Yana ta kallon baƙin da ke yatsansa. Can ya ce, "Iro, da sammu ne, da akwai wanda ya yi. Yanzu ba kowa sai ni. Suna ciro abinsu suna shanyawa, ni na hana su."

Na yi tafiyar nan duka ina zaton in aka cire masa maganar sammu an sauke masa kaya, ashe wani aka ɗora masa wanda ya fi nauyi. Na mai da jakar inda take. Mista Amisa ma ya tattara kwalabensa ya fita ba sallama.

Masuntan can ba sa shiga teku ranar Talata, al'adarsu ce, ranar suke zama gyaran koma. Talatar da ta biyo Lawal ya ce in raka shi wurin Papa Kwesi, mai jirgin, wanda tun ranar jana'izar ɗansa bai yarda sun haɗu ba. Muka same shi a gindin kwakwa, tsoho ne mai faɗin ƙirji, da koma bisa cinya. Lawal ya tsuguna ya yi masa bayani da Fantanci, ya nuna ƙusoshin biyu. Ban ji abin da suke faɗi ba, amma na ga hannun tsohon ya tsaya da ɗinki. Ya daɗe yana kallon ruwa. Sannan ya yi magana gajeriya, ya ɗaga hannu ya nuna jiragen da ke ɗaure a gaɓa, ɗaya bayan ɗaya.

Na ga fuskar Lawal ta canza. Na ce, "Mi ya ce?"

"Ya ce ɗansa ya tafi, ba ya dawowa. Ya ce waɗancan fa, sarƙar wa ke riƙe da su?"

Ashe yawancinsu Lawal ne ya yi masu, kuma duk shawara ɗaya ya ba su. Duk suna kwance cikin lakar nan, da 'ya'yan mutane a kansu. Muna tsaye a wurin Lawal ya juyo ya miƙo mani hannu. Na ciro masabar Baba na sa masa. Wannan karon ya riƙe.

Washegari aka fara ciro sarƙoƙi. Wasu da sauransu, wasu kuwa Allah ne kawai ya riƙe su, akwai wadda na sa guduma na taɓa sau ɗaya zoben ya rabu. Ni na hura wa Lawal wutar farko. Na zauna na taya shi har Alhaji Maiwada ya dawo daga Kumasi zai koma gida, aikin kuwa ko rabi bai kai ba. Lawal ya ce ba zai taka ƙasar Kurfi ba sai ya canza sarƙar ƙarshe. Ya ba ni tsinkakken zoben ya ce in kai wa Baba, in faɗa masa komai, kada in rage.

Haka na dawo, ba wa, ba masaba. Duk tsawon hanya ina tunanin yadda zan gaya wa tsoho makaho cewa abin da ya koya mana ne ya kashe ɗan mutane.

Na same shi a zaure ya ƙara ramewa. Ya ce, "Ku biyu ne ko kai ɗaya?" Na ce ni ɗaya. Ya miƙo hannu a ba shi masabarsa, sai na sa masa zoben. Ya shafa ramukan, ya kai hanci, sannan ya riƙa bin jikinsa da babban yatsa a hankali har ya tsaya wuri ɗaya.

"Ga haɗin nan," ya ce. "Bai saki ba."

Na ba shi labari tun daga rijiya har kwalabe, ban rage ba. Sannan ya ce, "Lakar garinmu na sani, sai na koya maku kamar ita ce lakar duniya. Allah ya gafarta mani." Ya sa zoben ƙarƙashin buzu, inda masabar take da. Daga ranar bai ƙara tambayata yaushe Lawal zai zo ba, ni kuma kullum in na ji tarinsa da safe sai in gode wa Allah.

Damina ta zo ta wuce. Wata ranar da hantsi ina maƙera na sa bakin garma a wuta, sai inuwa ta rufe ƙofa. Lawal ne, da ƙurar mota har gira, ko gida bai shiga ba. Kafin in buɗe baki ya karɓi awartaki daga hannuna, ya ciro ƙarfen ya ɗora bisa uwar maƙera, ya zaro masabar daga ƙugunsa. Manya biyu, ƙarami ɗaya. Manya biyu, ƙarami ɗaya.

Sai muka ji muryar Baba daga cikin zaure, da ƙarfin da na daɗe ban ji ba.

"Iro! Ka ce ma Lawal ya shigo in ya gama. Kada ya bar ƙarfen ya huce."